Ganuwar Damagaram

Ɗan'uwa, in ka kai dabba ko hatsi kasuwa a Zinder, kada ka yi saurin juyawa gida. Ka shiga Birni. Can za ka ga fadar Sarkin Damagaram da manyan duwatsu.

Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, shi ya kewaye Birni da ganuwa. Har igwa maƙeransa suka ƙera. A 1899 Faransawa suka ci garin, suka kashe Sarki Amadu Kuran Daga. Zinder ta zama babban birnin Nijar, kafin a mai da shi Yamai a 1926.

Yau ganuwar saura guntaye, damina tana cin su. Kai yaranka su gani tun suna nan. Gani ya kori ji.