Tarihin Ɗakin Sigina na Mararrabar Zariya

Hanyar jirgi ba ta ratsa ƙasar Kankiya ba, ba ta kuwa taɓa Kusada ba, amma duk ma'aikacin En'e da ya taɓa tara haraji ya san kuɗin talaka daga gyaɗa da auduga suke fitowa, su kuwa ba su isa bakin teku sai sun bi ta Zariya.

A zamanin Gwamna Girouard aka shata hanyar Baro zuwa Kano, dogo ya iso Kano cikin 1911. Daga nan aka ja wata 'yar siririyar hanya daga Zariya zuwa Jos saboda kuza, faɗinta ƙafa 2 da inci 6, alhali babbar hanya ƙafa 3 da inci 6 ce. Cikin 1929 aka gama ta Ƙaura Namoda, wadda ta bi ta Funtuwa. Ta haka Zariya ta zama mararraba, nauyin ɗakin sigina ya ƙaru.

A wancan zamani aikin ɗakin ba shi da hayaniya, amma rayuka na hannunsa. Da yake dogo ɗaya ne jirage ke bi, mai zuwa da mai komawa, ba a barin direba ya bar tasha sai an danƙa masa sandar hanya, wadda na'ura ba ta saki sai tashar gaba ta yarda ta waya. Mai sigina ya ja ƙarfe, waya ta ja hannun alama can nesa: in ya miƙe sosai, tsaya ke nan, in ya sauya, a wuce. Da dare fitilar kananzir ce, ja ko kore. Mai kunna fitilun nan kuwa ba safai ake tunawa da shi ba.

Cikin Yuni 1945 ma'aikata suka shiga yajin aiki, Michael Imoudu na gaba, aka fi wata guda jirage na tsaye. Bayan yaƙi kuma ƙarancin tarago ya sa buhunan gyaɗa suka taru dala-dala a Kano.

'Yar hanyar Jos ta fara rasa kaya tun 1927, sa'ad da babban dogo ya isa can ta Kafancan. Cikin 1957 aka rufe ta, aikin ba jiragenta hannu ya ƙare daga Zariya.