Tiyatar Ƙashin Baya ga Manya Masu Ƙaramar Karkacewa: Sakamakonta da Wanda Ta Dace da Shi

Karkacewar ƙashin baya ita ce lanƙwasar gadon baya zuwa dama ko hagu, tare da murɗewar ƙasusuwansa. Ana auna ta a hoton ƙashi da aka ɗauka mutum yana tsaye, bisa ma'aunin da likitan ƙashi na Amurka, John Cobb, ya bayyana a 1948. Daga digiri 10 ake kiranta karkacewa. Tsakanin 10 da 25 ƙarama ce, kuma sai ta kai 45 zuwa 50 likitoci kan fara maganar aiki domin girmanta kawai.

A jikin manya iri biyu aka fi gani. Akwai wadda mutum ya taso da ita tun lokacin balaga, akwai kuma wadda girma ke kawowa, inda guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan ƙugu ya zaizaye ta gefe guda. Ta biyun ba baƙuwa ba ce: binciken Frank Schwab da abokan aikinsa na 2005 ya same ta a jikin kashi 68 cikin 100 na dattawan da suka haura shekara 60 da aka duba. A ƙasar Hausa akwai ƙarin sanadi, wato shan inna, wanda ya bar wasu da ƙafa ɗaya gajera, ƙugu ya jirkice, baya ya bi.

Aikin da ake yi shi ne haɗe ƙasusuwa su zama guda. Russell Hibbs ya fara shi a 1911 domin masu tarin fuka na ƙashin baya. Paul Harrington ya wallafa bayanin sandar ƙarfensa a 1962, Cotrel da Dubousset na Faransa suka inganta tsarin a shekarun 1980. A yau ana ɗaura kusoshi a ƙasusuwan, a haɗa su da sanduna biyu, a zuba dashen ƙashi.

Hujja ta farko da ke nuna kada a yi gaggawar wannan aiki ga mai ƙaramar karkacewa ta fito daga Jami'ar Iowa, inda Stuart Weinstein da Ignacio Ponseti suka bi diddigin waɗanda ba a yi wa aiki ba. Sun gano cewa karkacewar da ba ta kai digiri 30 ba lokacin da ƙashi ya gama girma ba kasafai take ƙaruwa ba, alhali wadda ta wuce 50 kan ƙaru da kusan digiri ɗaya a shekara. Rahoton shekara 50 da aka fitar a 2003 ya nuna mutanen suna sana'o'insu, suna riƙe da iyalansu, sai dai ciwon baya ya fi yawa a cikinsu.

Hujja ta biyu ta shafi masu ciwo. Binciken Michael Kelly da abokansa na 2019, a kan 'yan shekara 40 zuwa 80, ya nuna waɗanda aka yi wa aiki sun fi samun sauƙi bayan shekara biyu. Amma duk waɗanda aka ɗauka karkacewarsu ta kai digiri 30 ko fiye, don haka ba a jawo sakamakon a ɗora wa mai digiri 15. Tun 2005 ma Steven Glassman ya nuna cewa rusunawar jiki gaba ta fi alaƙa da naƙasa fiye da lanƙwasar gefe.

Abin da ke wajabta aiki ga mai ƙaramar karkacewa shi ne matsewar jijiya. Alamunta sanannu ne: ciwo yana sauka daga ƙugu zuwa ƙafa, ƙafar ta yi sanyi ko nauyi bayan ɗan taku, mutum ya nemi wurin zama, da ya duƙa sai ya ji sauƙi. A nan buɗe wa jijiyar hanya, wani lokaci da haɗe ƙashi biyu ko uku, yakan rage ciwon ƙafa sosai, ciwon baya kuwa ba lallai ba. Raunin ƙafa mai ƙaruwa ko kasa riƙe fitsari gaggawa ce da ba ta jiran komai. Dogon aiki kuma yana da nasa haɗarin: zubar jini, ruɓewar rauni, taɓuwar jijiya, ƙin haɗewar ƙashi, karyewar sanda, da lalacewar gaɓar da ke sama da ƙarfen, abin da kan kai ga aiki na biyu.

A Paki da sauran garuruwan Ikara, Maƙarfi da Kudan, ma'aunin nasara ya wuce hoton ƙashi. Mai noma da fartanya, mai saran rake, macen da ke daka da shara da gajeren tsintsiya, duk da lanƙwasa ƙugu suke cin abinci. Ƙugun da aka haɗe ba ya komawa yadda yake. Ruku'u, sujada da tsuguno sai an sake koyonsu, kuma haɗewar ƙashi kan ci wata shida zuwa shekara, wato asarar damina guda. Ƙwararrun da za su duba irin wannan sai a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka kafa a 1959, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ƙarafan daga waje ake shigo da su, mafi yawan iyalai kuma daga aljihu suke biya, ga zirga-zirgar ganin likita bayan sallama.

Kafin a ɗora wa karkacewa laifi, wajibi ne a tabbatar ba tarin fuka na ƙashin baya ba ne, wanda ke zuwa da rama, zazzaɓi, gumin dare da ƙusumbi, kuma maganin sha na watanni ne tushen warkar da shi. Ɗorin gargajiya ba ya miƙar da karkacewa, matsa da ja kuma kan cutar da bayan da tarin fuka ya riga ya ci.

Saboda haka matakin farko ga babba mai ƙaramar karkacewa shi ne gashin ƙashi, motsa jiki mai ƙarfafa tsokar baya da ciki, rage ƙiba, maganin ciwo bisa umarnin likita, ƙarin dunduniyar takalmi ga mai gajeriyar ƙafa, da maimaita hoto lokaci-lokaci. Tiyata ta dace ne idan hoton MRI ya nuna jijiya a matse daidai inda mai ciwon ke kuka, magani ya gaza tsawon watanni, ko hotuna sun tabbatar karkacewar tana ƙaruwa. Ko a nan, mafi ƙarancin aikin da zai saki jijiyar shi ya fi dacewa da wanda zai koma gona.