Ziyarata Burmi Da Umuahia

Na san ba ku manta yadda muke haddace shekarun yaƙe-yaƙe a ajin tarihi ba, don kawai mu tsallake jarrabawa. To, tafiye-tafiyen aiki sun kai ni wurare biyu da muka karanta a littafi, na kuwa tabbatar da maganar Hausawa cewa gani ya kori ji.

Na farko shi ne Burmi, kusa da Bajoga a Jihar Gombe. Bayan Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, suka ci Sakkwato a watan Maris, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi hijira ya nufi gabas da niyyar isa Makka. Dubban jama'a suka bar gonaki da gidaje suka bi shi, abin da ya tayar wa Turawa hankali ƙwarai. A watan Mayu mutanen Burmi suka kori rundunar farko da ta zo musu. Ranar 27 ga Yuli, 1903, Turawa suka dawo da manyan bindigogi, aka wuni ana gwabzawa. Sarkin Musulmi ya yi shahada tare da ɗaruruwan mabiyansa, shi ma Manjo Marsh, jagoran Turawan, a nan ya kwanta dama. Ɗan Sarkin, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya ci gaba da tafiya da waɗanda suka tsira har Sudan, inda garin Mai Wurno yake a bakin kogin Nilu har yau.

Da na isa filin, sai na tarar da shi shiru. Ga kabarin Sarkin Musulmi, ga na Baturen can ba nisa. Na daɗe tsaye ina tunanin talakawan da suka faɗi a nan, waɗanda ko sunansu ba a rubuta ba.

Bayan wannan, wani aikin ya kai ni Umuahia a Jihar Abiya, inda Gidan Tarihin Yaƙi na Ƙasa yake, wanda aka kafa a 1985. Garin ne hedkwatar Biyafara bayan faɗuwar Enugu a 1967, har sojojin tarayya suka kama shi a Afrilun 1969. Na ga jirgin ruwan yaƙi NNS Bonny, da jiragen sama, da motoci masu sulke da nakiyar Ogbunigwe waɗanda 'yan Biyafara suka ƙera da hannunsu. Na kuma shiga ɗakin ƙarƙashin ƙasa da rediyonsu ta yi amfani da shi. Amma hotunan yaran da yunwa ta tsotse su ne suka hana ni barci a daren. A makaranta mun iya cewa an fara yaƙin basasa a Yulin 1967 an gama a Janairun 1970. Waɗannan fuskoki kuwa ba su cikin amsar da muke rubutawa.

Yau sai ka ji matashin da bai taɓa jin ƙarar harsashi ba yana kiran a raba ƙasa ko da tsiya. Saboda haka ina ba ƙungiyarmu shawara, a taronmu na gaba mu ware wani abu daga asusu, mu ɗauki nauyin kai ɗaliban ajin ƙarshe ɗaya daga cikin wuraren nan kowace shekara, tare da malamin tarihinsu. Ni a shirye nake in fara ba da nawa.

Allah ya jiƙan magabata, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.