Tsofaffin wasannin bidiyo: abin da ya sa har yanzu ake komawa gare su

Na'urar wasan bidiyo ba ta daɗewa tana yayi. Bayan shekara shida ko bakwai, kamfanoni irin su Sony da Nintendo sukan fitar da sabuwa, su daina ƙera ta baya. Amma akwai wasannin da suka ƙi bin na'urorinsu zuwa kabari. Tetris ya kai shekara 40, Pac-Man ya wuce haka, kuma har gobe ana buga su. A Maraɗi ko Damagaram, wanda ya leƙa ɗakunan wasa na cikin unguwa yana iya tarar da yara sun yi cincirindo gaban PlayStation 2, na'urar da ta fito tun shekarar 2000. Bayanin da aka fi bayarwa shi ne kewar ƙuruciya. Gaskiya ne, amma rabin magana ce, domin da yawa daga cikin masu buga waɗannan wasanni a yau ba a ma haife su ba lokacin da aka ƙirƙiro su.

Wane wasa ake kira tsoho?

Galibi ana nufin wasannin da aka yi daga farkon shekarun 1970 zuwa tsakiyar shekarun 2000. Na farko da ya yi kasuwa sosai shi ne Pong, wanda kamfanin Atari na Amurka ya fitar a 1972: sanduna biyu ne kawai suna mayar wa juna ɗigo ɗaya. Daga nan ƙasar Japan ta karɓi ragama da Space Invaders a 1978, Pac-Man a 1980, sai na'urar gida ta Nintendo mai suna Famicom a 1983, wadda a kanta Super Mario Bros. ya fito a 1985. Sonic da Street Fighter II sun zo a 1991, Mortal Kombat a 1992, PlayStation ta farko a ƙarshen 1994.

A Nijar mutane da yawa ba ta wannan hanya suka san wasan bidiyo ba. Wasu sun fara ne da ƴan na'urorin nan masu arha na kwaikwayon Famicom, masu kaset da aka rubuta wa cewa akwai ɗaruruwan wasanni a ciki, alhali kaɗan ne ake ta maimaitawa. Wasu kuma wasansu na farko shi ne macijin salular Nokia, wanda ya fara bayyana a 1997, ya kuma zagaye duniya tare da Nokia 3310 daga shekarar 2000.

Kewar zamanin da ya wuce

Masana halayyar ɗan Adam sun lura cewa abin da mutum ya fi tunawa a rayuwarsa shi ne abin da ya faru da shi tsakanin shekara 10 da 30 da haihuwa. Kiɗan da ya ji a lokacin da wasan da ya buga suna manne da mutanen da yake tare da su. Magidancin da ya ji kiɗan farkon Mario, wanda Koji Kondo ya tsara, ba wasan kaɗai yake tunawa ba. Yana tuna babban hutun lakwal, da gidan maƙwabcin da ke da talabijin, da jiran a miƙo masa manet idan na gabansa ya faɗi.

Kamfanoni sun san da wannan kewa, kuma suna sayar da ita. A watan Nuwamban 2016 Nintendo ya sake fito da tsohuwar na'urarsa a ƙaramar siffa da wasanni 30 a cikinta, ta ƙare a kantuna nan da nan. A 2017 aka dawo da Nokia 3310 kasuwa, da macijinta a ciki.

Ƙarancin wuri ne ya haifi dabara

Babban dalili yana cikin yadda aka ƙera wasannin. Na'urorin wancan zamani ba su da ƙarfi. Super Mario Bros. gaba ɗayansa, da matakansa 32 da kiɗansa, bai wuce kilobayit 40 ba, wato hoto ɗaya da kyamarar salular yau ke ɗauka yana iya ninka shi sau 50. Wanda ke aiki cikin irin wannan matsi ba shi da damar ruɗar ɗan wasa da kyawun hoto. Dole wasan kansa ya yi daɗi, in ba haka ba babu abin da ya rage.

Matsin ya bar alama a ko'ina. Shigeru Miyamoto ya sa wa Mario hula da gashin baki ne saboda ɗigogin hoton sun yi kaɗan a zana gashin kai da baki yadda za a gane su. Gajimaren da ke sama da ciyayin da ke ƙasa a wasan zane ɗaya ne, launi kawai aka canza. A Space Invaders, maharan su 55 suna ƙara sauri yayin da ake rage su. Asalin abin shi ne na'urar tana samun sauƙin aiki idan abin da za ta zana ya ragu. Tomohiro Nishikado, wanda ya ƙirƙiro wasan, ya ga hakan yana sa zuciyar ɗan wasa ta riƙa dukan uku-uku, sai ya bar shi haka.

Wani abin kuma, waɗannan wasanni suna koyar da kansu ba tare da dogon bayani ba. A matakin farko na Mario, wani ɗan ƙaramin abokin gaba yana tahowa kai tsaye. Wanda bai yi tsalle ba ya mutu, ya sake farawa, ya kuma koyi darasin cikin ƴan daƙiƙoƙi. Ba a buƙatar Turanci ko Faransanci, ba a ma buƙatar iya karatu. Manet ɗin Famicom maɓallan wasa biyu gare shi, sai gicciyen juyawa da wasu ƙanana biyu na farawa da zaɓi, yayin da na na'urorin yanzu maɓallansa sun haura goma. Tetris, wanda Alexey Pajitnov ya ƙirƙiro a birnin Mosko a tsakiyar shekarun 1980, siffofi bakwai ne kacal ke faɗowa, kowace da murabba'i huɗu, ana jera su don a cika layi.

Mai buga dara zai gane wannan da sauri. Ana koyon dokar dara a zama ɗaya, amma ana tsufa ba a gama ƙwarewa ba, kuma ba wanda ya taɓa cewa dara ta daina yayi don ramukanta ba su canza ba. Tsofaffin wasannin bidiyo da suka rayu irin wannan gini gare su. Waɗanda ba su da shi, kuma su ne mafiya yawa, an manta da su tuntuni. Don haka ba kowane tsohon wasa ne mai kyau ba. Zamani ne ya tankaɗe, ya bar tsaba.

Wuyar da ake nema

Wasannin farko an yi su ne don manyan akwatunan da ake jefa wa kwabo kafin a buga. Ribar mai akwati ita ce ɗan wasa ya faɗi da wuri ya sake jefa kuɗi, don haka aka yi su da wuya. Rai uku ake ba mutum, idan sun ƙare ya koma farko. Wannan ɗabi'a ta bi wasannin har cikin gida. Contra ya yi suna da tsanani har aka san shi da wani sirrin danna maɓallai da ke ba da rai 30.

Abin da ya fara a matsayin dabarar kasuwa shi ne ya zama abin alfahari. Wanda ya gama irin wannan wasa ya san hannunsa ne ya kai shi, ba kuɗinsa ba. Har yanzu ana gasa a kansu, kuma yara ne ke kan gaba. A watan Disamban 2023 wani yaro ɗan shekara 13 a jihar Oklahoma ta Amurka ya buga Tetris na tsohuwar na'urar Nintendo har mataki na 157, inda wasan ya daskare don lissafinsa ya gaza. Wasan ya fito a 1989, fiye da shekara 20 kafin a haifi yaron.

Ba rezo, ba ƙarin kuɗi

Ga ɗan Yamai ko Tawa akwai lissafin aljihu. Wasu manyan wasannin yanzu sun haura gigabayit 100, suna buƙatar intanet mai ƙarfi, suna kuma neman a sabunta su a kai a kai. Da yawa daga cikin na salula kyauta ake sauke su, amma cike suke da talla da tayin a sayi kaza don a wuce mataki. Tsohon wasa kuwa a kammale ya fito. An sa faifai ko kaset, an kunna, shi ke nan. Idan kuran ya ɗauke, abin da aka yi asara shi ne wasan da ake ciki.

Wannan ne ya sa PlayStation 2 ta yi tsawon rai. Sony ya sayar da fiye da miliyan 150, bai daina ƙera ta ba sai wajen ƙarshen 2012, don haka na hannu suna da yawa, masu gyara ma sun san cikinta. Wasan ƙwallon ƙafa na kamfanin Konami, wato PES, shi ne abincin ɗakunan wasa. Na shekarar 2006, PES 6, yana da masoya har yau, waɗanda ke sake masa sunayen ƴan wasa da riguna don ya dace da kakar bana, su bar yadda ake buga shi kamar yadda yake.

Sannan akwai zama wuri ɗaya. Sababbin wasanni sun fi karkata ga haɗa mutum da baƙo ta intanet, kowa a ɗakinsa. Tsofaffin an yi su ne don mutum biyu a gaban talabijin ɗaya, ƴan kallo a baya suna zuga, wanda aka ci ya tashi ya ba wani wuri. Tsari ne da ya dace da fada da zaman shayi. Shi ne kuma inda iyaye ke da ƙorafi mai tushe: ɗakin wasa yana cin ƴan dalolin yaro da lokacin karatunsa, kuma wasa irin Mortal Kombat, da jininsa da kashe-kashensa, bai zama na ƙananan yara ba don kawai ya tsufa. Rigimar da ya tayar a Amurka tana cikin abin da ya sa aka kafa tsarin rarraba wasanni bisa shekaru a 1994.

Kayan tarihi masu saurin lalacewa

A ƙasashen Yamma tsofaffin wasanni sun shiga sahun kayan tarihi. A 2012 gidan adana fasahar zamani na birnin New York, MoMA, ya saka Pac-Man da Tetris cikin kayansa. A watan Yulin 2021 an yi gwanjon wani kaset na Super Mario 64 da ba a taɓa buɗewa ba kan dalar Amurka miliyan 1.56. Irin wannan farashi na masu tara kaya ne, kaset ɗin da aka sha bugawa ba ya kusa da shi.

Duk da wannan daraja, samun wasannin ta halastacciyar hanya yana ƙara wuya. Wani bincike da gidauniyar Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya gano cewa kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka sayar a Amurka kafin 2010 ba sa kasuwa yanzu. Faifai yana karcewa, ƙaramin batirin da ke cikin wasu kaset yana mutuwa ya tafi da abin da aka ajiye. Mafi yawan masu buga su a yau suna amfani ne da manhajojin da ke sa salula ko kwamfuta ta kwaikwayi tsohuwar na'ura. Sai dai haƙƙin mallakar wasannin yana hannun kamfanoninsu ko da sun daina sayar da su, kuma Nintendo ya sha kai masu rarraba su a intanet gaban kotu.

Sababbin wasanni ma suna da tasu matsalar, wadda ta fi wannan. Wanda ya dogara da manyan kwamfutocin kamfani yana mutuwa ranar da kamfanin ya kashe su. Haka ta faru da wasan tseren motoci The Crew na kamfanin Ubisoft na Faransa: ya fito a 2014, aka rufe shi a ƙarshen watan Maris na 2024, waɗanda suka saya da kuɗinsu suka wayi gari ba ya buɗewa. Kaset ɗin Mario na 1985 kuwa, idan an samu na'ura mai rai da talabijin da za ta karɓe ta, yana tashi.