Karatun Digiri Na Farko A Fannin Kare Namun Daji: Bayani Ga Iyaye, Ɗalibai Da Shugabannin Al'umma

Fannin kare namun daji wani reshe ne na ilmin halittu wanda ke nazarin yadda dabbobi da tsirrai ke rayuwa a mazauninsu na asali, da dalilan da ke sa yawansu ya ragu ko su ɓace ɗungurungum, da kuma matakan da za a ɗauka domin hana aukuwar hakan. Fanni ne sabo idan aka kwatanta shi da ilmin likita ko na aikin gona, domin kuwa sai a cikin shekara ta 1985 ne aka kafa ƙungiyar masanansa a ƙasar Amurka. Ɗaya daga cikin waɗanda suka aza harsashinsa, wato Michael Soulé, ya kira shi fannin gaggawa, saboda sau da yawa tilas ne a yanke shawara kafin a kammala bincike, kamar dai yadda likita ba ya jinkirta taimakon wanda jini ke zuba daga jikinsa.

Mun ga dacewar kawo wannan bayani ne ganin cewa a kowace shekara akan sami 'ya'yanmu da jami'o'i ke ba gurbin karatu a wannan fanni, amma sai iyaye su yi sanyin gwiwa, suna ɗaukar cewa gadin daji kawai za a koya wa yaro. Wasu ma sukan bar gurbin ya wuce su zauna jiran wata shekarar. Alhali kuwa a jiharmu ta Bauchi ne gandun daji na Yankari yake, kuma duk shawarar da masana za su yanke a kansa, manoma da makiyayan Duguri da Pali da Gwana ne za su fara ganin sakamakonta.

Inda ake yin karatun

A ƙasashe irin su Ingila da Amurka akwai jami'o'in da ke bayar da digiri na farko da sunan wannan fanni kai tsaye. A Nijeriya kuwa, galibi an haɗa shi ne da ilmin gandun daji a ƙarƙashin tsangayar aikin gona, kuma sunan da ɗalibi zai tarar a kundin hukumar JAMB shi ne Forestry and Wildlife Management ko wani mai kama da shi. Daga cikin jami'o'in arewa da ke da irin wannan sashe akwai Jami'ar Bayero ta Kano, da Jami'ar Maiduguri, da Jami'ar Modibbo Adama ta Yola, da Jami'ar Tarayya ta Dutse, da kuma Jami'ar Joseph Sarwuan Tarka da ke Makurɗi. A kudu akwai Jami'ar Ibadan, wadda ta daɗe a fagen, da Jami'ar Aikin Gona ta Abeokuta da Jami'ar Fasaha ta Akure.

Akwai kuma wata hanyar. Ɗalibi na iya yin digirin shekara huɗu a ilmin dabbobi ko ilmin tsirrai a tsangayar kimiyya, daga bisani ya ƙware a digiri na biyu. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke dajin Amurum kusa da ƙauyen Laminga, a gefen birnin Jos, tana gudanar da digiri na biyu a wannan fanni tare da Jami'ar Jos. Ga wanda bai sami jami'a ba kuwa, akwai Kwalejin Tarayya ta Kula da Namun Daji da ke New Bussa a Jihar Neja, wadda aka kafa a 1978, tana kuma bayar da ƙaramar difloma da babba. Maƙwabciyarmu Kamaru ma tana da makarantar namun daji a Garwa tun 1970, amma da Faransanci ake koyarwa a can.

Sharuɗɗan shiga

Ana bukatar kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO, waɗanda suka haɗa da Ingilishi da lissafi da kimiyyar sinadarai, da ilmin halittu ko kimiyyar aikin gona, sannan wani darasi guda na kimiyya kamar fizik. A jarrabawar JAMB akan ɗauki Ingilishi da sinadarai, da ilmin halittu ko aikin gona, da lissafi ko fizik. Da yake kowace jami'a tana da 'yan bambance-bambancenta, wajibi ne a duba kundin JAMB na shekarar kafin a cike takarda. Kimiyyar sinadarai takan kayar da 'yan makarantun karkara, musamman inda babu ɗakin gwaje-gwaje, don haka muna jan hankalin shugabannin makarantu a kan wannan.

Karatun na shekara biyar ne ga wanda ya shiga ta hanyar JAMB. Mai ƙaramar difloma da sakamako mai kyau yana iya shiga aji biyu kai tsaye, ya yi shekara huɗu. Game da kuɗin makaranta, baya ga hukumar bayar da tallafin karatu ta jiha, tun daga 2024 akwai asusun lamunin ɗalibai na Gwamnatin Tarayya, wato NELFUND, ga ɗaliban manyan makarantun gwamnati.

Abin da ake koyarwa

Shekara biyu na farko kusan ɗaya suke da na sauran ɗaliban aikin gona: kimiyya, lissafi, nazarin ƙasar noma, tsirrai, dabbobin gida da tattalin arziki. Daga shekara ta uku ne ake shiga ainihin fannin. Shekara ta huɗu galibi a fili ake yin ta, a gandun daji ko gidan ajiye namun daji ko cibiyar bincike, ta ƙarshe kuma ɗalibi ya gudanar da bincikensa ya rubuta kundi.

Babban abin da ake fara koya wa ɗalibi shi ne ƙidaya, domin ba a iya kare abin da ba a san yawansa ba. Namun daji kuwa ba sa tsayawa a ƙirga su kamar shanu a kara. Yankari na da faɗin murabba'in kilomita 2,244, saboda haka sai a shata layuka a kan taswira, a bi su da ƙafa ko da mota, ana rubuta kowace dabba da aka gani da nisanta daga layin, sannan a yi amfani da ilmin ƙididdiga a fitar da ƙiyasin dajin baki ɗaya. Giwa akan ƙiyasta yawanta ta hanyar kashinta, idan an san sau nawa take yi a rana da kuma tsawon lokacin da yake ɗauka kafin ya ruɓe. Dabbobin dare irin su damisa da kura kuwa, kyamarori ake ɗaurawa a jikin itatuwa masu ɗaukar hoto da kansu idan wani abu ya gilma. Lokacin ƙidaya ma yana da muhimmanci: da rani ɓauna da gwanki da kanki da gwambaza duk sukan tattaru a bakin kogin Gaji, wanda ya ƙirga su a can ya ɗauka haka dajin yake ko'ina, to ya yi kuskure babba. Wannan ne ya sa ɗalibin da ke gudun lissafi yake shan wahala a wannan karatu.

Abu na biyu shi ne sanin abin da ke faruwa idan dabbobi suka ragu ƙwarai. Ƙaramin garke da ya keɓe daga sauran 'yan'uwansa tilas 'yan gida ɗaya su riƙa haihuwa da juna, daga nan sai rauni da cututtukan gado su yawaita, kuma annoba ɗaya ko fari ɗaya na iya gamawa da shi. Wannan ita ce damuwar masana game da zakunan Nijeriya, waɗanda aka ƙiyasta ba su kai hamsin ba, a Yankari da gandun Tafkin Kainji. Amma raguwa ba ta nufin an gama. Raƙuman dawa na Afirka ta Yamma sun ragu har zuwa 49 a 1996, dukkansu a yankin Kure da ke gabashin Yamai a Jamhuriyar Nijar, amma da aka tsare su tare da haɗin kan manoman yankin, cikin shekara ashirin da 'yan kai sun haura 600.

Har ila yau ana koyar da cututtukan da ke yawo tsakanin dabbobin gida da na dawa. Dattawanmu ba su manta da annobar bushiya ta 1983 ba, wadda ta hallaka shanu masu ɗimbin yawa a arewa, ta kuma kashe ɓauna da mugun dawa a Yankari. An bayyana kawar da wannan cuta daga duniya a 2011, amma akwai sauran cututtuka da ke bin hanya ɗaya, kuma wannan na daga cikin dalilan hana kiwo a cikin gandu. Ana kuma nazarin wutar daji: wadda aka sa da gangan a farkon rani, ciyawa na da sauran danshi, tana wucewa sama-sama ta bar itatuwa, ta ƙarshen rani kuwa takan cinye har ƙananan marke da kawo da maɗaci. Ana koyar da zana taswira da kwamfuta, da amfani da hotunan tauraron ɗan'adam, da harkar yawon buɗe ido.

Akwai kuma darasin dokoki, kamar Dokar Namun Daji ta Arewacin Nijeriya ta 1963, da dokar kare halittun da ke fuskantar ɓacewa ta 1985 wadda aka yi wa gyara a 2016, da yarjejeniyar CITES ta duniya mai sa ido kan cinikin namun daji da itatuwa tsakanin ƙasashe. A ƙarƙashin wannan yarjejeniya ne aka sa takunkumi kan cinikin itacen madobiya daga 2017, bayan an yi ta sare shi ana fitarwa zuwa ƙasar Sin. A watan Janairun 2024 kuma Gwamnatin Tarayya ta niƙe kimanin tan biyu da rabi na hauren giwa da aka kama, a Abuja.

Dabba da mutum

A ganinmu, sashen da ya fi wuya a wannan karatu shi ne wanda ya shafi mutane. An keɓe Yankari a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, ya koma hannun Gwamnatin Tarayya a 1991, sannan ya dawo hannun jiha a 2006. A tsawon wannan lokaci jama'ar da ke kewaye da shi sun ƙaru, gonaki sun matso har bakin iyaka, burtalai da dama sun toshe. Giwa kuwa ba ta san iyaka ba. Garke ɗaya na iya shafe gonar masara ko dawa a dare guda, kuma manomin da ya wayi gari ya ga abincin shekararsa a ƙasa ba zai saurari lacca a kan amfanin giwa ba. Yana da gaskiyarsa.

Aikin masani a nan shi ne neman hanyar da gona za ta tsira, giwa ma ta tsira. Bayan yarjejeniyar da gwamnatin jiha ta ƙulla da ƙungiyar WCS a 2014, an ɗaura wa wasu giwayen Yankari na'ura a wuya mai nuna inda suke ta tauraron ɗan'adam, an kuma ɗauki mutanen ƙauyuka su riƙa ba da labari idan garke ya doso gonaki. A ƙasar Kenya an gwada kewaye gona da amyar zuma, da yake giwa na tsoron kudan zuma, manomi kuma ya sami zuma a kan kari. Irin waɗannan dabaru sai an gwada su a kowane wuri, an auna sakamakonsu, kafin a ce sun yi.

A nan ne ɗan karkara yake da fifiko a kan ɗan birni. Ya san sawun dabba, ya san sunayen itatuwa da ciyayi, ya san yadda ake shiga gaban hakimi ko arɗo ko sarkin baka, yana kuma jin harshen mutanen. Waɗannan abubuwa ba a samun su a aji. Abin da jami'a za ta ƙara masa shi ne auna abu da rubuta shi yadda hukuma za ta yi aiki da shi. Alal misali, kowa a garuruwanmu ya lura cewa ungulu ta yi ƙaranci a mahauta, amma sai da masana suka bi hanyoyi suna ƙirgawa shekara da shekaru, suka kuma binciki kasuwannin da ake sayar da sassan jikinta, kafin a sanya ta cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ɓacewa a 2015. 'Ya'ya mata ma suna yin wannan karatu, kuma akwai bayanan da ake samu daga matan ƙauye game da itacen girki da ganyen magani waɗanda mace ce kawai za ta iya shiga gida ta tambayo.

Aiki bayan karatu

Ba za mu ɓoye wa iyaye ba, guraben aiki a wannan fanni ba su kai na koyarwa ko aikin jinya ba, kuma aikin fili yana da wahala da haɗari. Ma'aikatan gandu sukan yi arangama da mafarauta masu bindiga, wasu sun rasa rayukansu a bakin aiki, kuma wasu dazuzzuka irin su Kamuku a Jihar Kaduna sun yi fama da 'yan bindiga na tsawon shekaru.

Duk da haka akwai ƙofofi. Hukumar Kula da Gandayen Daji ta Ƙasa tana da gandaye bakwai na asali, mafi girmansu Gashaka-Gumti a jihohin Taraba da Adamawa, kuma a 2020 Gwamnatin Tarayya ta amince da ƙarin guda goma, ciki har da Falgore a Kano da Kogo a Katsina da dausayin Haɗeja a Jigawa. Akwai ma'aikatun muhalli na jihohi, da sashen aikin gona da albarkatun ƙasa na ƙananan hukumomi, da hukumar NESREA, da Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Nijeriya, da hukumar shirin Babbar Ganuwar Itatuwa mai yaƙi da kwararowar hamada, da ƙungiyoyi masu zaman kansu irin su NCF. Haka zalika dokar 1992 ta wajabta a auna illar duk wani babban aiki ga muhalli, kamar madatsar ruwa ko babbar hanya, kafin a fara shi, kuma kamfanonin da ke wannan awo suna ɗaukar masu irin wannan digiri. Da yake an haɗa karatun da ilmin gandun daji, wasu sukan kafa wurin renon dashe ko kiwon zuma na kansu.

Ga shugabannin ƙananan hukumomi da hakimai da dagatai kuwa, ɗaliban aji huɗu da aji biyar sukan zo yankunanku da takardar gabatarwa daga jami'arsu domin aikin fili. Abin da suke bukata shi ne masauki, da ɗan jagora wanda ya san dajin, da kuma a sanar da jama'a cewa tambayoyin da suke yi game da ɓarnar gona ko wuraren kiwo na karatu ne, ba na haraji ko kame ba. Yana da kyau kuma a nemi kowane ɗalibi ya bar kwafin kundinsa a ofishin sashen aikin gona na ƙaramar hukumar idan ya kammala.