Ragon Layya da Dajin Birnin Gwari

Asalin layya duk yaron da ya zauna gaban malam ya san shi. Allah ya jarrabi Annabi Ibrahim da yanka ɗansa Isma'ila, uba da ɗa suka miƙa wuya, sai aka fanshi yaron da abin yanka mai girma. An shar'anta ta ga Musulmi a Madina a shekara ta 2 bayan Hijira, ana yin ta ranar 10 ga Zulhajji, washegarin tsayuwar Arfa. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne yadda ta iso ƙasar Hausa, da dalilin da ya sa, duk yawan shanunmu, rago muka riƙe.

Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce Wangarawa sun zo da Musulunci daga Mali a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385. An naɗa liman, an naɗa ladan, an kuma keɓe mutum guda wanda shi ke yanka duk naman da za a ci. Wannan na ukun ya fi tsaya mini a rai, domin ya nuna tun farko kakanninmu sun gane wuƙar yanka ma ibada ce. A zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, aka fara sallar Idi a Kano, a Shadakoko. Littattafan da malamai suka riƙa karantarwa, irin su Risala ta Ibn Abi Zaid, na mazhabar Malikiyya ne, kuma a cikinsu rago ne gaba da sa da raƙumi wajen layya, saboda daɗin namansa. Daga can muka gaji cewa ba a haɗa kuɗi a yi tarayya a dabba ɗaya, ba a riga liman yanka, kuma da rana ake yi, cikin kwana uku. Fatake da almajirai suka yaɗa wannan karatu gari gari, har ya iso mu.

To, mu a Birnin Gwari ragon nan daga daji yake fitowa. Ƙasarmu ƙasar ciyawa ce da ruwa, ga kogin Mariga, ga dajin Kamuku wanda Turawa suka keɓe a 1936, aka mai da shi gandun daji na ƙasa a 1999. Da kaka ta yi, Fulani kan sauka a gonaki, dabbobi su ci kara su bar taki. Mahaifina yana da amini a wata ruga, muna ce masa Baffa. Ba su taɓa rubuta komai tsakaninsu ba. Baffa ya zaɓo ɗan rago ya aiko yaro da shi, Baba ya biya da dawa in an yi girbi. In Baffa ya ga ragon ya yi ƙanƙanta sai ya ce, “Malam, bar wannan, haƙoransa ba su kai ba,” ya canza wani. Makiyayin da bai yi zurfin karatu ba ya san mai ido ɗaya da gurgu da ramamme da mara lafiya ba sa yin layya, kuma yana jin kunyar ya sa amininsa yin ibada da abin da bai inganta ba.

Sauran aikin na Inna ne. Ita ke turke ragon a gindin rumbu, ta ba shi dusa da harawa da ruwan kanwa wata da watanni, mu kuma mu wanke shi ranar jajibere. Ba a yaba wa matan karkara yadda ya kamata a wannan fanni. Da yawansu kiwon ragon layya ne jarinsu, da shi suke yi wa ’ya’yansu kayan ɗaki.

Ranar Sallah in an sauko daga Idi, sai a jira labarin liman ya yanka. Sannan maigida ya kwantar da ragonsa ya fuskantar da shi gabas, ya yi bisimilla da kabbara. A feɗe, a banƙare a jikin itace, maƙwabta su jera nasu a ƙofar gida a hura wuta a tsakiya. Kayan ciki ake ci ranar, hanta ce farko. Washegari ake rabo: cinya ga surukai, kaso ga malamin unguwa, kaso ga gwauraye da marayun da ba a yi yanka a gidansu ba. Fata ba a sayarwa, ko a ba da ita sadaka ko a jeme ta zama buzun sallah. Kuma ko yaushe akwai ƙwaryar soyayyen nama da ake kaiwa ruga, ta dawo cike da nono da man shanu.

Wannan ƙwarya ce ta daina tafiya. Satar shanu ta fara cinye rugage, makiyaya da yawa suka rasa dukiyarsu ko suka yi ƙaura, daji ya koma hannun masu bindiga. A watan Mayun 2018 aka kashe mutane da dama a ƙauyen Gwaska. Hanyar Kaduna ta zama abin tsoro, manoma suka bar gonaki, a 2021 gwamnatin jihar Kaduna ta dakatar da kasuwannin mako da safarar dabbobi a yankin. Ƙasar da ke loda raguna zuwa Legas sai ga magidantanta sun koma watanda, a haɗa kuɗi a sayi sa a raba nama don yara kada su yi ta leƙen gidan wani. Malamai sun faɗa musu gaskiya, cewa layya ba ta hau kan wanda ba shi da hali ba, amma na ga dattijon da ya ƙi fitowa zaure ranar Sallah don kunya.

A ƙarshen Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya sake buɗe karar dabbobi ta Birnin Gwari bayan sulhu, kasuwar da ta yi wajen shekara goma a rufe. Motoci sun dawo, dillalai sun dawo, ana ciniki. Sai dai yanzu kuɗi hannu ake yi, kuma mai saye kan tambayi dillali asalin dabbar kafin ya taya, domin ba wanda ke son ya fuskanci alƙibla da ragon sata.