Uwar da ba ta faɗin sunan ɗanta: iyakar ƙidaya a nazarin ƙunshiya

Nazarin ƙunshiya hanya ce da masana halayyar ɗan Adam ke bi su karanci mutum daga abin da ya faɗa ko ya rubuta. Ana tsara rukunai, a bi zance jimla bayan jimla ana sa kowace a gurbinta, sannan a ƙidaya. Bernard Berelson ya shimfiɗa ƙa'idojinta a littafinsa na 1952, ya kuma taƙaita ta ga abin da ya fito fili a zance. Ginshiƙinta zato ne guda: abin da ya fi damun mutum shi ya fi ambata.

A Amurka zaton ya ci. Tsakanin 1926 da 1937 wata mata da aka sakaya sunanta da Jenny ta rubuta wasiƙu 301, waɗanda Gordon Allport ya buga a 1965. Tun 1942 Alfred Baldwin ya ƙirga batutuwan da ke tafiya tare a cikinsu, sai ga sunan ɗanta tilo, Ross, manne da zancen kuɗi da na matan da yake nema.

To, a kawo wannan ma'auni Garwa, a arewacin Kamaru. A ce mai bincike na hira da matan da ambaliyar kogin Binuwai ta 2012 ta raba da gidajensu. Dattijuwa, Bafulatana ko Bahaushiya, za ta lissafa buhunan dawar da ruwa ya ci, ta kira ƙananan 'ya'yanta da sunayensu, amma in an zo kan ɗan fari sai ta ja mayafi ta ce "yaron nan", ta wuce. Kunya ce. A jadawali kuwa sifiri za a rubuta a gaban wanda ya fi tsaya mata a rai. Haka "sai haƙuri" ɗinta zai faɗa rukunin kwanciyar hankali. Ko kuma tun kafin nan tafinta ya juya zancenta zuwa Faransanci, ya cike sunan da ta ƙi faɗa, wai don taimako.

Za a ce ai akwai kariya: mutum biyu su rarraba zancen kowa daban, a auna daidaituwarsu da ma'aunin "kappa" na Jacob Cohen na 1960. Wannan yana nuna sun yarda da juna ne kawai. Biyun da suka yi karatu a aji ɗaya suna iya yin kuskure ɗaya.

Ban ce a yar da hanyar ba. A ganina sakayawa da shiru su ma su samu rukuninsu, a rarraba daga muryar da aka naɗa kafin tafinta ya taɓa ta. Jami'ar Marwa, da aka kafa a 2008, da ta Garwa ta 2022, suna da ɗaliban da aka yaye cikin wannan kunyar. Su ya kamata su tsara rukunan tun farko.